Jigon Jimiri A Waƙoƙin Kiristocin Ƙasar Katsina

Duk ɗalibin da ya share shekara biyu a wannan sashe namu, ko daga barci aka tashe shi aka ce ya kawo rabe-raben waƙoƙin baka na Hausa, zai zubo su ba inda-inda: na fada, na jama'a, na sana'a, na maza, na mata, na yara, har da na bori da na 'yan tauri. In aka juya ga rubutattu kuma, zai lissafa wa'azi da madahu da furu'a da siyasa da sauransu. Amma akwai wasu waƙoƙi da ake rerawa da Hausa tsantsa, a bakin Hausawa haifaffu, kowane mako, a ƙauyukan da ba su wuce tafiyar awa ɗaya ko biyu daga Kano ko Katsina ba, waɗanda ban taɓa jin an ba su ko da rabin awa a aji ba. Ina nufin waƙoƙin Hausawa Kiristoci, waɗanda ake kuma kira Masihiyawa.

Abin da nake son in nuna wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai shi ne, waɗannan waƙoƙi adabin Hausa ne cikakke, kuma babban jigonsu, watau jimiri a kan bangaskiya cikin wahala, yana kwance a cikin ginin waƙar kanta kamar yadda yake a cikin kalmominta. Zan tsaya a yankin da na fi sani, watau daga Yashe, kusa da inda hanyar Malumfashi da Funtuwa ta ɓalle daga hanyar Kano zuwa Katsina, a bi ta Kankiya da Matazu da Musawa har a gangara Malumfashi da Kafur. Ni ɗan wannan yanki ne, da waɗannan waƙoƙi kuma aka goye ni, don haka mai karatu ya san ta kusurwar da na dubi al'amarin.

Ya kamata tun farko a san su wane ne masu waƙoƙin. Galibinsu jikokin Maguzawa ne, watau Hausawan da suka zauna a kan addinin gargajiya har bayan jihadi, suna noma a manyan gidajensu na gandu da ke warwatse cikin karkara. Sa'ad da Turawa suka ci ƙasar a 1903 sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, saboda haka suka taƙaita zirga-zirgar 'yan mishan a ƙasashen sarakunan Musulunci. Likita Miller ya sami zama a birnin Zariya a 1905, mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929, aka kuma buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932. Amma a ƙasar Katsina ƙofa ba ta buɗe sosai ba sai a shekarun 1930, lokacin da aka danƙa wa mishan na S.I.M. jinyar kutare a Babbar Ruga, kamar yadda aka yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. Daga nan aka kafa tashoshi a wurare irin su Matazu da Malumfashi, da ɗakin shan magani da makaranta. A 1954 majami'un S.I.M. suka tsaya da ƙafarsu da sunan E.C.W.A. Katolika su ma suka kafu a Malumfashi, har ta kai a 2023 aka yanka wa Katsina diyosis nata, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, bishop na farko.

To, wace irin wahala ce waɗannan mutane suka sha, har ta zama turken waƙoƙinsu? Ta farko daga cikin gida ta fito. Bamagujen da ya bar tsafin gidansu, ya ƙi yanka wa iskoki akuya ko kaza a farkon damina, ya daina shan giyar biki, to a ganin dattawan gida ya jawo wa gandu duka fushin iskoki. Wani a raba shi da gayaunarsa, wani a hana shi mata, wata a mai da ta gidan iyayenta. Tsofaffinmu da suka ga wannan zamani ba su cika ba da labarinsa ba, sai dai ka tsince shi a waƙoƙin da suka bari, inda ake yawan maganar uwa da uba sun ƙi mutum amma Ubangiji ya karɓe shi.

Wahala ta biyu ta fi ta farko daɗewa, domin har gobe ana cikinta, ita ce ta rashin wurin tsayawa. Bahaushe Kirista in ya je Kudu ya ce sunansa Haruna ko Musa ko Saratu, a ɗauke shi Musulmi, a ɗora masa duk laifin da ake ɗora wa Arewa. In ya dawo gida kuma a tambaye shi, "Kai asalinka wane yare ne?" alhali kakan kakansa a gindin kukar garin aka binne cibiyarsa. Shugabannin majami'u sun daɗe suna kokawa a kan wuyar samun filin gina wurin sujada da ƙarancin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati. Wannan jin zama baƙo a ƙasar haihuwa shi ya sa waƙoƙin suka cika da siffar matafiyi da baƙo da zango.

Sa'an nan ga masifar 'yan bindiga ta waɗannan shekaru. A watan Mayu na 2021 aka afka wa cocin Katolika na Malumfashi, aka kashe Fada Alphonsus Bello, aka tafi da wani tsohon fada. A watan Mayu na 2022 aka sace fada biyu a Gidan Maikambo ta ƙasar Kafur. A watan Janairu na 2023 aka shiga wani coci a yankin Ɗantsauri ta ƙasar Ƙanƙara ana tsakiyar sujada aka kwashi mutane. Gaskiya ita ce wannan wuta ba ta tambayar addinin kowa: ɗalibai fiye da 300 da aka kwashe a makarantar Ƙanƙara a Disamba 2020, da masallatan da aka hallaka suna sallar asuba a Unguwar Mantau ta Malumfashi a Agusta 2025, sun ishe mu shaida. Sai dai ƙaramar jama'a in aka taɓa ta, giɓin ya fi fitowa. Ƙauye mai gida ashirin in aka sayar da shanun huɗa da hatsin rumbu aka biya kuɗin fansar mutum uku, ya durƙusa ke nan shekara da shekaru.

Yanzu sai mu shiga waƙoƙin kansu. Iri biyu ake rerawa a majami'ar ƙauye, kuma duk mai kunnen Hausa zai raba su nan take. Akwai na cikin Littafin Waƙoƙi, waɗanda yawancinsu 'yan mishan da mataimakansu suka juyo daga Turanci, suka bar musu muryarsu ta Ingila da Amurka. Ba na raina wannan littafi. Da shi dubban mutane suka koyi karatun boko, tsofaffi kuma suna ƙaunarsa ƙwarai, musamman wajen jana'iza. Amma ta fuskar harshe yana da matsala babba. Hausa harshe ne mai karin sauti: "wuya" ta wahala tana farawa ƙasa ta hau sama, "wuya" na jiki kuwa yana farawa sama ya sauka ƙasa, "kuka" na hawaye sama yake tafiya duka, "kuka" ta miya kuwa sauka take yi a gaɓar ƙarshe. Muryar da aka tsara don kalmomin Turanci ba ruwanta da wannan. Sai ka ji ta ɗaga inda Hausa ta sauke, ta ja gaɓa marar nauyi, ta datse mai nauyi. Mai rerawa yana gane ma'ana don ya san abin da ake nufi, amma kalmar ba ta zauna a bakinsa yadda ta saba zama ba. Tun 1980 Ɗalhatu Muhammad ya nuna cewa mawaƙan Hausa har amsa-amon karin sauti suke yi a ƙarshen layuka, abin da ke nuna zurfin da wannan al'amari ya yi a kunnen Bahaushe.

Iri na biyu su ne waɗanda jama'a suka ƙaga da kansu, kuma a kansu maganata take. Mata ne suka fi riƙe su, ta hanyar ƙungiyar Zumuntar Mata, sai kuma mawaƙan Sabon Rai, waɗanda suka samo suna daga yunƙurin wa'azi na Sabon Rai Don Kowa da aka fara a farkon shekarun 1960. 'Yan mishan na farko sun yi ɗari-ɗari da kayan kiɗan gargajiya, domin a wurinsu garaya da goge da ƙwarya na bori ne da gidan giya. Mata ba su yi gardama da kowa ba. Suka ɗauko tulu, suka haɗa da caki da kuge da tafi, suka zuba sabuwar magana a cikin tsohuwar muryar daka da niƙa da gaɗa. Kafin a ankara ganga ma ta shigo. Rediyon ELWA na Laberiya da Muryar Bishara, wadda ake shirya ta a Jos ana watsawa daga Adis Ababa har zuwa 1977, da kuma kaset daga baya, su suka taimaka wa waƙoƙin Kirista na Hausa suka zaga Arewa har cikin Nijar.

Zubin waɗannan waƙoƙi shi ne wanda muka sani: jagora ta ba da ɗa, 'yan amshi su karɓa da gindin waƙa. Amma a lura da yadda aka raba aiki tsakanin ɓangarorin biyu. Jagora ita ke ɗauke da wahala. Ita za ta ambaci fari, ta ambaci rashin haihuwa, ta ambaci gori, ta ambaci ɗan da aka tafi da shi daji yau wata biyu, kuma tana da 'yancin ƙara ɗa sabo nan take, gwargwadon abin da ya sami garin a wannan mako. Amshi kuwa ba ya motsi. Magana ɗaya ce gajeruwa, ta dogara ko ta godiya ko ta ƙin ja da baya, ana maimaita ta bayan kowace masifa da jagora ta jefo. Ko ɗiyan waƙa sun kai talatin, kowanne ya fi na bayansa ɗaci, amsar ɗaya ce. A ganina nan jimirin yake. Mai sauraro yana jin duniya tana jujjuyawa a bakin mutum ɗaya, jama'a kuma suna tsaye wuri guda. Matar da aka sace wa miji, wadda ba ta iya buɗe baki ta yi addu'a don nauyin zuciya, tana iya karɓar amshi, domin kalma huɗu ce ko biyar, kuma muryoyi arba'in na ɗauke da ita. Na sha ganin haka a majami'armu, kuma ban ga wa'azin da ya yi wa irin wannan mata abin da amshin ya yi mata ba.

Ba wani baƙon salo ba ne wannan. Alhaji Mamman Shata, wanda Musawa ce mahaifarsa, nan kusa da mu, da shi ya yi ta tsare jama'a har ya rasu a 1999, gindi ɗaya, ɗiya ba iyaka. Barmani Choge ta Funtuwa da 'yan amadarta haka suke yi a kan ƙwarya. Ruwa ɗaya aka sha, abin da aka shuka ne ya bambanta. Har ila yau, duk wanda ya karanta tarihin Nana Asma'u da jajojinta na 'Yan Taru, yadda suka riƙa kai wa matan karkara ilmin addini a cikin waƙa don su haddace, zai ga kamanni da aikin Zumuntar Mata. Macen da ba ta iya karatu ba, a waƙa ta san labarin Ayuba da ƙurajensa, da Yusufu a rijiya da kurkuku, da Daniyel a ramin zakoki, da Bulus da Sila da suka yi ta waƙa da tsakar dare a kurkukun Filibi. Waɗannan huɗu ko biyar su ne jaruman waƙoƙin, kuma in an duba, dukansu mutane ne da aka tsare ko aka jarraba, suka jira.

Wani abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne kalmomin. Allah, Ubangiji, rahama, alheri, zunubi, tuba, aljanna, mala'ika, annabi, sujada, albarka: kusan dukan kayan aikin mawaƙiyar Zumunta kalmomi ne da maƙwabcinta Musulmi yake amfani da su, da yawansu kuma ta hanyar Musulunci suka shigo Hausa daga Larabci. Siffantawarta kuwa daga gona take ɗebo ta. Bangaskiya iri ce da aka binne a busasshiyar ƙasa ana jiran ruwa, watau abin da manomi ke kira binne; jarraba fari ce ta tsakiyar damina; Shaiɗan gauda ce ko ƙuduji a gindin dawa; ranar ƙarshe kuwa sussuka ce da shiƙa. Wanda ya taɓa yin binne a ƙasar Kankiya, ya kwana yana duban gabas, ba ya bukatar a yi masa sharhi.

Ya kamata in ce wani abu game da waƙoƙin zamani na situdiyo, tun da su matasa suka fi ji a wayoyinsu. Panam Percy Paul, ɗan Adamawa mazaunin Jos, shi ya share wa da yawa hanya. Jeremiah Gyang ya fito da "Na Ba Ka" a 2004 ta zaga ƙasar nan har wurin waɗanda ba su jin Hausa. Solomon Lange na jihar Kaduna, mai "Mai Taimako Na", da wuya a yi bikin Kirista a Arewa ba a sa shi ba. Sun yi aiki, kuma jigon dogara cikin wahala yana nan a waƙoƙinsu. Amma abu biyu nake gani. Yawancin mawaƙan situdiyo daga Filato da kudancin Kaduna da Adamawa suke, inda Hausa harshe na biyu ne, shi ya sa a bakin wasunsu jinsi yakan rikice, ɓ da ɗ da ƙ su koma b da d da k. Ba laifi ba ne, wannan ma wani karin harshe ne da ya cancanci nazari. Sai dai sakamakonsa shi ne, mutanen da Hausarsu ta fi ta kowa tsabta, tsofaffin matan Matazu da Kafur masu Katsinanci garau, su ne ba a ɗauka a faifai, har jama'a suka ɗauka waƙar coci dole da gurɓatacciyar Hausa ake yin ta. Abu na biyu ya fi damuna. Cikin 'yan baya-bayan nan akwai masu juya jigon daga jimiri zuwa cin nasara ta nan take: mota, gida, ɗaukaka, maƙiya su ga haushi. Irin wannan waƙa tana da daɗin rawa a birni, amma ban san abin da za ta faɗa wa mutumin da ya yi addu'a wata uku aka kawo masa gawar ɗansa ba. Tsohuwar waƙar tulu ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin wahala za ta ƙare gobe ba.

Na san akwai mai suka. Wani abokina a aji, mai son ra'ayin 'yan gurguzu, ya ce mini duk waƙar haƙuri maganin barci ce, ta coci ce ko ta almajirai masu bara da Imfiraji na Aliyu Namangi. Tana sa talaka ya rungumi zalunci ya ce ƙaddara ce, maimakon ya miƙe kamar yadda mawaƙan NEPU suka zaburar da iyayenmu. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Akwai shugabannin da ke jin daɗin jama'a mai yawan haƙuri, akwai kuma masu wa'azin da in aka kawo musu kukan hakki sai su ɗauko waƙa. Waƙa ba ta gina ofishin 'yan sanda, ba ta kuma kawo malami makaranta.

Amma ina ganin abokina ya haɗa kalmomi biyu da Hausa ta raba. Kirk-Greene, a laccarsa ta Mutumin Kirki da aka buga a 1974, ya sa haƙuri cikin manyan halayen da Bahaushe ke auna mutum da su, haƙuri kuwa haɗiye abu ne a yi shiru. Jimiri dabam yake, shi ci gaba ne da abin da ake yi duk da wuya. Mai jimiri yana iya yin kuka, yana iya kai ƙara, abin da ba ya yi shi ne saki. Waƙoƙin da nake magana a kansu ba su yin shiru, domin jagora tana kiran masifa da sunanta a gaban kowa, a cikin al'ummar da kunya ta hana mace faɗin abin da ke cin ta. Abin da suke koya wa mutum shi ne kada ya bar gonar ubansa, kada ya canza sunansa don neman aiki, kada ya bar abin da ya gaskata, kada kuma ya ɗauki makami ya je ramuwa a kan rugar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da 'yan daji ta cinye ƙauyuka. Saurayin da ya tashi yana karɓar amshin gafara tun yana bayan uwarsa, ran da aka zo masa da zancen ɗaukar fansa akwai abin da zai riƙe masa hannu, ko da na dare ɗaya ne.

Roƙona ga sashe shi ne a buɗe wa ɗalibai wannan fage a kundayen neman digiri, Musulmi da Kirista baki ɗaya, kamar yadda muke nazarin waƙoƙin bori ba tare da an ce mun zama 'yan bori ba. Kayan aikin da muke da su sun wadatar: turke da tubalansa irin na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, ko jigo da warwararsa irin na Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo. Sai dai aikin na gaggawa ne, domin waƙoƙin ba a rubuce suke ba, masu ƙaga su ba su sa suna, tsofaffin jagorori suna ta tafiya, wasu ƙauyukan kuma sun watse, mutanensu sun koma gefen Malumfashi da Funtuwa da Kano, inda 'ya'yansu ke tashi da waƙar piyano. Wanda zai je ɗauka, ya nemi izinin fasto da shugabar Zumunta tukuna, ya ɗauki murya da kiɗa tare, ya rubuta ɗiyan waƙa da alamar karin sauti da tsawon wasali, ya kuma tambayi jagora lokacin da ta ƙara kowane ɗa da abin da ya faru a garin a lokacin. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga kaka zuwa Kirsimeti, sa'ad da ake bikin godiyar amfanin gona, ƙungiyoyin ƙauyuka suna ziyartar juna, kowace da sabuwar waƙarta.